Fanna Mai Lalle Ba Ta Tuba Ba

Kafin wani ya ce na ci mutuncin babbar mace a takarda, bari in faɗi matsayina. Ubana da uwar Fanna ciki ɗaya suka fito, shi namiji ita mace. Ke nan ni da Fanna taubasai ne, kuma a al'ada ni ne ubangida ita baiwa, ko da yake ta girme ni, ko da yake kuma duk ranar da na tuna mata haka sai na koma gida kunnena yana raɗaɗi. Lasisin tsokanarta da shi aka haife ni. Sunana Madu, Keke Napep nake tuƙawa. Boko kuwa na kai shi aji biyu na sakandare, daga nan muka rabu ba wanda ya riƙe wani a zuciya.

A cikin tsohon garin Yerwa, wato Maiduguri, aka haifi Fanna, a wani lungu da in mai ƙiba ya shiga sai dai ya fito da baya. Gwaggona Ya Kellu, wato mahaifiyarta, ta ce ranar da aka haife ta ladan sai da ya dakata ya jira ta gama kuka kafin ya ƙarasa kiran salla. Ban ga wannan da idona ba, amma na yarda, don na san muryar. Tun tana ƙarama abu biyu Allah ya ba ta da yawa, baki da hannu. Bakin ya sa aka kore ta daga wasan 'yan mata a unguwa uku. Hannun kuwa ba ya ganin fili ya ƙyale: bangon ɗaki, murfin tukunya, bayan allo, har bayana ni kaina ta taɓa zana wa fure da gawayi ina barci, na yini ina yawo ana dariya ban san dalili ba. Wata tsohuwa Bashuwa maƙwabciyarsu ce ta ga ɓarnar ta yi yawa, ta zaunar da ita ta koya mata lalle don bangon mutane ya huta.

Ta yi aure, ta haifi biyu, mijin ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ta dawo wurin Gwaggo a Moduganari, inda suka koma da zama, kuma tun daga lokacin hannunta ne ke ciyar da gidan. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka wasa ne. Jan lalle sai an yanka salatif da reza, siri-siri, a manna a ƙafa a fitar da zane kafin a shafa. Baƙin kuwa da 'yar leda ake yi mai baki kamar tsinin allura, a matsa a ja. Idan Fanna ta ja layi daga ɗan yatsa zuwa gwiwar hannu, magini zai iya ɗora bulo a kai. Kuma ba ta kwaikwayon hoto. Amarya ta miƙo waya ta ce irin wannan take so, sai Fanna ta ce, "To ki ce wa wayar ta yi miki, ni zan jira a waje." Duk da wannan baki, layi ake bi. Ni nake kai ta ni nake ɗauko ta, daga Bulumkutu har Gwange, tana bayan keke tana koya min tuƙin da ba ta taɓa yi ba.

Ciwon Fanna kuwa da bazara ya shigo, shi ya sa ba wanda ya gan shi. A Maiduguri in mutum ya ce zafi yake ji a watan Afrilu, ba labari ya kawo ba. Fanna tana gumi, kowa yana gumi. Fanna tana faɗa, to da ma yaushe ta daina? Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ci. Ta cinye kwanon burabusko, ta leƙa na yara, ta tambayi Gwaggo ko da sauran ƙanzo, amma kullum ƙara tsotsewa take. Laffayar da ke zagaye ta sau biyu ta koma tana neman na huɗu. Idanunta suka firfito kamar wadda aka gaya wa farashin shinkafa. In tana bayan keke ina jin bugun zuciyarta ta jikin kujera, har na taɓa tsayawa in duba ko taya ce ta yi faci.

Na ce mata, "Baiwata, ko dai a sayar da ke tun kafin ki ƙare? Yanzu ko a kilo aka auna ki asara zan yi."

Ta ce, "Wa zai karɓi kaya daga hannun mai taya uku? Tuƙa mu tafi, kana tafiya kamar mai rakiyar gawa."

Sai abin ya sauka a hannu. A Galtimari ya tona mata asiri, gidan Hajiya Siddiƙa mai sayar da laffaya da turaren wuta, matar da in ta ji magana da safe, kafin azahar ta kai Damboa ba tare da ta hau mota ba. Babbar 'yarta Jannat za a aurar, gida cike da mata. Ni ina ƙofar gida cikin keke, amma muryar Fanna ba ta bukatar mutum ya shiga, sauran kuma matan da suka fito suka cike min. Ta ɗauki reza za ta yanka salatif, rezar ta faɗi. Ta ɗauka, ta sake faɗuwa. Ta ce to a fara da baƙi. Ta ja layin farko a hannun amarya, layin ya fito kamar hanyar da tsutsa ta bi.

Hajiya Siddiƙa ta matso ta leƙa, ta ɗago ta dubi fuskarta. Ta ce, "Fanna, me kika sha?"

"Shayi, Hajiya. Kuma ba a gidanki ba, don tun da na zo ko ruwa ba a ba ni ba."

"Ba shayi nake nufi ba. Dubi idonki, dubi hannunki, dubi yadda kika rame. Direban Alhaji haka ya fara, ashe tramol ne."

A gaban mata cike da tsakar gida ta faɗi haka. Abin da Fanna ta mayar mata ba zan rubuta ba, don yara suna karatu. Ta tattara kayanta ta fito, hannun yana ɓari har ledar lalle ta fashe a jikin laffayarta. Wata yarinya mai kwaikwayon hoton waya ce ta ƙarasa wa amarya.

Kafin sati ya zagayo, Fanna mai lalle ta koma Fanna 'yar ƙwaya. Wadda ta yi alƙawarin biki sai ta bugo ta ce an ɗaga. Mu kuwa muna wucewa ta ƙofar gidan da aka ce an ɗaga, mu ji ganga tana tashi. Wace uwa ce za ta miƙa hannun 'yarta ga mai shan tramol da reza a hannu?

Gwaggo ta ce aljanu ne, da ma suna son lalle. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi har ƙadangarun gidan suka ƙaura. Fanna ta sha rubutun don girman sunan Allah da girman uwa, amma wata safiya ta fito ta faɗa bayan kekena ta ce, "Babban asibiti. Zan je a gwada jinina a gaya wa garin nan ko ina shan ƙwaya."

Bayan layin da na yi zaton a nan za mu yi Salla, aka shigar da mu wurin wata likita, Dakta Phebe Dzarma, 'yar kudancin Borno, gajeriya mai tabarau. Ta dube ni ta ce ko zan jira a waje. Fanna ta ce, "Bar shi, Likita, bawana ne, ba a lissafa shi cikin mutane." Sannan ta zazzage mata labarin Galtimari kaf ba numfashi.

Likita ta bari ta gama, ta ce, "Na ji. Sassauta laffayar nan in ga wuyanki."

A nan na gane abin da laffaya ta ɓoye mana. Matanmu suna naɗe ta har haɓa, wa yake ganin wuyan wani? Ga kumburi nan a gaban wuya, ba babba ba, amma ga shi. Likita ta zagaya bayanta ta ɗora yatsu a wurin, ta ba ta ruwa ta ce ta kurɓa ta riƙe, sannan ta haɗiye. Abin ya hau sama ya sauko, na gani da idona. Ta riƙe wuyan hannunta tana kallon agogo, ta taɓa tafin ta ji shi da ɗumi da danshi. Ta sa ta bi yatsanta da ido sama da ƙasa. Daga nan ta ce ta miƙe hannu biyu gaba, ta ɗora fallen takarda a bayansu. Takardar ta kama rawa kamar an kunna mata kiɗan gangar biki.

Ta yi tambayoyi: barci, ci, bayan gida, al'ada, ko da mai irin wannan a dangi. Ta ce sai an ɗebi jini kafin ta tabbatar, amma ga abin da take zato. Akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, ita ce in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, kuma ita ke saita saurin jiki gaba ɗaya. Ta Fanna ta wuce ƙa'ida, tana aiki fiye da kima, shi ya sa komai nata yake gudu. Wasu kuma tasu kasawa take yi, komai ya yi sanyi, su sai a ba su maganin ƙari.

Na ce, "Likita, ai silon inji ne. Kamar keke in bakanike ya ɗaga silon ya yi yawa, yana tsaye yana ihu yana shan mai."

Ta yi dariya ta ce in haka na gane, to haka ne.

Fanna ta ce, "Ni tambayata ɗaya. Ƙwaya ce ko ba ƙwaya ba?"

"Ba ƙwaya ba ce. Amma daga yanzu za ki fara shan ƙwaya, tawa."

Jini ya tabbatar. Aka ba ta magani iri biyu, ɗaya na rage aikin tsokar wuyan, ɗaya na kwantar da bugun zuciya da ɓarin hannu. Likita ta ja kunne: in ta ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ta ajiye maganin ta taho a ranar. Kuma ta dawo bayan 'yan makonni a sake gwada jini, don da yawa ake fara shi, sai a riƙa ragewa. Wannan magana ta ƙarshe a gabana aka yi ta, kuma duk mu biyun mun ce to.

Magani ya karɓe ta. Barci ya dawo, ɓarin hannu ya tsaya, nama ya fara komawa mazauninsa. Gwaggo da ta ga haka sai ta yi mubaya'a ga asibiti, ta karɓe ragamar magani ta sa a cikin kwalla tare da turarenta. Da ya ƙare, ta yi abin da kowa yake yi a garin nan: ta ɗauki kwalin ta kai kemis ɗin bakin titi ta ce, "Irin wannan." Ya ba ta. Ya ƙare, ta koma, "Irin wannan." Wa zai je ya yini a layi alhali ga kwali ga kemis? Fanna ta ce sati mai zuwa za ta koma asibiti, sati mai zuwa ta ce na gaba, daga baya ma ta daina cewa komai. Gwaggo kuwa safe da yamma tana tsaye a kanta da kofin ruwa, yadda aka rubuta ranar farko, ba ragi.

Sai Fanna ta fara kyau, in ji mutane. Ta yi ƙiba, kumatu suka cika, har fatar ido ta yi nauyi. Tafiya a hankali, magana ɗaya-ɗaya, murya ƙasa-ƙasa kamar matar babban malami. Yaro ya zubar da miya a gabanta ta bi shi da kallo kawai. Lokacin sanyi ya zo tana rawar ɗari, kowa yana rawar ɗari. Matan unguwa suka riƙa shigowa yi wa Gwaggo barka. "Ya Kellu, wane magani ne wannan? A sammana mu ba matan 'ya'yanmu." Har wani Alhaji mai shagon tayal ya fara aiko da gaisuwa da lemo, wai ya daɗe yana neman mace mai natsuwa. Gwaggo tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa.

Ni kaɗai nake zaman makoki. Na shiga na ce, "Baiwata, an ce buhun gero ya ɓata a kasuwar Monday, ashe nan ya zo ya zauna."

Ta ɗago a hankali ta ce, "Sannu da zuwa, Madu."

Sannu da zuwa. Tun da uwata ta haife ni Fanna ba ta taɓa yi min sannu da zuwa ba. Na ƙara wuta, na ce mata Alhajin tayal ya ga hotonta ya ce sai an ƙara faɗin ƙofa. Ta ce, "Allah ya kyauta." Na fita na zauna cikin keke. Na ce wa Gwaggo taubashiyar da ba ta ramawa ba lafiya gare ta ba. Gwaggo ta ce, "Kai dai baƙin ciki kake an daina zaginka. Fita min daga gida."

Lalle kuwa babu. Ba masu zuwa, ita ma ba ta nema. Bazara ta sake zagayowa, garin ya koma tanda, awaki suna neman inuwar junansu, Fanna tana tsakar gida cikin bargo tana gyangyaɗi.

A haka Hajiya Siddiƙa ta same ta. Ta zo da kanta, turarenta ya riga ta shigowa. Ƙaramar 'yarta Muhsinat za a aurar bayan Babbar Salla, kuma yarinyar ta kafe ita Fanna take so, don ta ga yadda mai hoton waya ta mayar da hannun yayarta kamar allon makaranta. Ina wurin, ina gyara wa Gwaggo fanka.

Hajiya ta dubi Fanna sama da ƙasa ta ce, "Ma sha Allah. Ya Kellu, kin ga amfanin faɗin gaskiya? Da ban yi magana ba da yanzu tana bola. Tunda ta tuba ta daina, ni mai yafiya ce. Ta zo ta yi wa Muhsinat, in mutane suka ga na karɓe ta, kowa zai karɓe ta."

Gwaggo ta yi godiya. Fanna ta ce, "To." Hajiya ta tafi.

Na zuba ido in ga fashewar bam, shiru. Fushin da a da yake zuwa kafin a rufe baki, wannan karon a ƙasa ya taho, ya kwana a hanya. Washegari na tarar ta ɗauko ledar lalle tana gwadawa a bayan faranti. Hannun ba ya rawa, amma yatsun sun kumbura sun yi suntum, ta ce ba ta jin ledar, kamar da safar hannu ta riƙe. Layin ya fito da kauri kamar igiyar shanya. Kafin ta kai ƙarshen farantin barci ya ɗauke ta, lalle yana ɗiga a bargo.

Da ta farka ta daɗe tana kallon farantin. Sannan ta ce, da wata murya mai kama da ta kwaɗo, "Madu. Tuba ta ce?"

"Tuba ta ce."

"Na tuba daga me?"

"Daga tramol, baiwata. Kuma kin ce to."

Ta fara neman takalmi da ƙafa. "Tayar da keke."

Gwaggo ta tare ƙofa. Ta ce, "Ina za ki? Kin samu lafiya, kin yi jiki, bakinki ya mutu, miji ya fito, aiki ya dawo. Me kuma kike nema wurin likita, ta mayar min da ke 'yar masifa?"

Fanna ta tsaya tana haki, don daga tabarma zuwa ƙofa tafiya ce a wurinta. Ta ce, "Ya, wannan da kike so ba ni ba ce. Gawa ce mai cin tuwo. In na je gidan matar nan a haka, na sa hannu ke nan a kan abin da ta faɗa, kuma ko layi ɗaya ba zan iya ja ba. Ki matsa, don Allah. In ba ki matsa ba zan zauna a nan, kuma kin san yanzu ba mai iya ɗaga ni."

Gwaggo ta matsa. Haka na ratsa Maiduguri da rana tsaka ɗauke da mace cikin bargo, 'yan keke suna tambayata ko daga firji na ɗauko ta.

Dakta Phebe ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce, "Malama Fanna? Ina kika shiga? Tun bara nake cigiyarki." Aka gaya mata labarin kwali da kemis. Ba ta yi ihu ba, amma da ta gama magana ni da Fanna mun ƙanƙance har muna iya zama kujera ɗaya. Ta riƙe hannu ta ƙirga bugun, ta ce yanzu ya yi ƙasa. Ta shafa fatar ta ji ta bushe ta yi sanyi. Ta taɓa wuyan ta ce kumburin ma ya ƙaru. Ta sa ta durƙusa a kan kujera ta buga mata 'yar guduma a agara: ƙafar ta motsa, sannan ta tsaya tunani kafin ta koma. Ta tambaya ko bayan gida yana wuya, ko gashi yana zuba, Fanna tana gyaɗa kai.

Likita ta ce, "Maganin ya danne tsokar har ta kasa aiki. Daga wancan ciwo an tura ki cikin kishiyarsa. Da an gwada jini a kan lokaci, da tuni an rage."

Na ce, "An sauke silo har keke yana mutuwa a danja."

Fanna ta ce, "Likita, yatsuna za su dawo kafin Babbar Salla?"

"Ina sa rai, in kin bi yadda na ce. Ba zan yi miki rantsuwa ba. Kuma wannan karon ke za ki riƙe maganinki, ba Mama ba, ba kemis ba."

Da jini ya fito aka rage maganin sosai, aka sa mata ranar dawowa, kuma ta dawo, ta sake dawowa. Bargo ya koma ɗaki. Kumburin fuska ya saɓe. Kullum tana tsakar gida da faranti da leda, tana ja tana gogewa, layin yana ramewa kaɗan-kaɗan. Ranar da na san an yi nasara, na shigo na gaishe ta da Barbarci na ce, "Wushe, buhun gero," ta ce, "Wushe, wanda aka kora daga aji biyu don allo ya gaji da ganinsa." Saura kaɗan in yi sujada. Alhajin tayal ya zo gaisuwa a wannan satin, ta tambaye shi dalilin da ya sa lemonsa kullum rabi ruɓaɓɓe ne. Bai sake aikowa ba. Gwaggo ta yi kwanaki ba ta yi mata magana.

Ranar lallen Muhsinat na kai ta Galtimari. Tsakar gidan cike, kusan duk fuskokin bara suna nan. Na kafa keke daidai ƙofa na kashe inji don kada in rasa ko kalma.

Ta shiga ta gaisa da mutane. Ta zauna ta kama hannun dama na amarya. Waɗanda suka gani sun ce ba ta taɓa yin irinsa ba: reshe siriri kamar gashi ya taso daga ɗan yatsa, ya yi ganye, ya yi fure, ya nannaɗe har gwiwar hannu, ba inda ya karkace. Mata suka yi cincirindo, wayoyi suka fito. Da ta kai ƙarshe sai ta ɗaure bakin leda, ta ajiye, ta harɗe hannu.

Hajiya Siddiƙa ta ce, "A kawo mata ruwa, ta gaji."

"A kawo ruwan, ina da aiki da shi. Amma ba gajiya na yi ba."

Ta sassauta laffaya ta buɗe wuya a gaban kowa. Ta kurɓi ruwa ta haɗiye, ta ce, "Kun ga abin da ya hau ya sauka? Shi ne ciwona. Maƙoƙo ne, yana da likita yana da magani, kuma har yanzu ina sha." Ta yagi takardar da aka naɗo salatif, ta miƙe hannu biyu ta ce a ɗora mata. Takardar ta kwanta kamar an ɗora mata dutse. "Hajiya, a nan wurin kika ce ina shan tramol, a gaban waɗannan. Kika je gidanmu kika ce na tuba. Ban sha ba, ban tuba ba. Hannun hagu da ƙafafu suna nan suna jira. In kin faɗa musu da bakinki, in ƙarasa. In ba ki faɗa ba, ga mai hoton waya can a bayanki, ta daidaita shi da wannan."

Hajiya ta ce ai magana ta wuce, kowa yana kuskure, a bar tone-tone ranar farin ciki.

Fanna ta ce, "Ban ji sunana a ciki ba."

Hajiya ta ce ita fa ba ta ce ta gani da idonta ba, cewa ta yi alamu sun yi kama.

Fanna ta fara mayar da reza cikin jaka.

Sai amarya ta yi magana daga ƙarƙashin mayafi, hannu ɗaya a sama kamar mai rantsuwa a kotu. Ta ce, "Mama, gobe wushe-wushe, dangin ango duk za su zo gaisuwa. Da hannu ɗaya zan fita? Ki faɗa mana, ai kin san ba ta sha ba."

Wata tsohuwa daga dangin uban amarya ta ce, "Siddiƙa, bakin da ya ɗaura shi zai kwance. Yi sauri, lalle yana bushewa."

Hajiya ta gyara zama, ta gyara ɗankwali, ta dubi sama ko za a yi ruwa. Sannan ta ce, ciki-ciki, "Fanna ba ta sha komai ba. Ciwo ne. Ni na faɗa ba daidai ba."

Fanna ta ce, "Ban ji ba, Hajiya. Kuma bawana yana waje cikin keke, shi ma shaida ne, kunnensa ɗaya ya toshe da ƙarar inji."

Hajiya ta maimaita da muryar da take kiran 'yan aiki. Na danna ham sau ɗaya don a san saƙo ya iso. Tsakar gida ta kwashe da dariya, Fanna ta kwance bakin leda ta ce wa amarya, "Miƙo hagun, kuma kada ki motsa, ba ni da haƙurin bara."

Kafin mu bar gidan mata uku sun karɓi lambarta. Yanzu layi ya dawo, har ya fi na da. Maganinta yana cikin jakar lalle tare da reza, ba mai taɓa shi. Ranar gwajin jini ko bikin 'yar gwamna ne sai a jira ta. Likita ta ce nan gaba za a gwada tsayar da maganin a ga ko tsokar ta yi hankali, in ta sake tashi akwai wasu hanyoyin. Idonta na dama har yau ya ɗan fi na hagu fitowa, ta ce ta bar shi haka don ta riƙa harara da shi. Gwaggo kuwa wani lokaci takan yi ajiyar zuciya ta ce ita dai ta ga 'ya mai natsuwa na 'yan watanni, Allah ya karɓe abinsa.

A hanyar komawa Moduganari ran nan, na ce mata, "Baiwata, ni fa na gano ciwon nan na biyu. Ba don ni ba da yanzu kina gidan tayal kina gyangyaɗi. Ki gode wa ubangidanki."

Ta leƙo ta gefen kunnena ta ce, "Na gode wa Allah da Dakta Phebe. Kai kuma ka kauce wa ramin can, kekenka ya fi ni bukatar asibiti."

Na faɗa ramin da gangan, don in ji sauran.